Hunturu da Garken Barewa: Tarihin Tudun Kaibab, 1906 zuwa 1939

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin tarihin wani garken barewa na ƙasar Amurka, domin a ga yadda tsananin hunturu ke taɓa namun daji, da abin da hakan ke jawo wa mafarauta. An yi aron kalmar barewa ne a nan, domin dabbar ta bambanta da wadda Bahaushe ya sani. Tana da manyan kunnuwa irin na alfadari, namijinta kuma yana da ƙaho mai rassa wanda yake zubarwa kowace shekara, wani ya tsiro. Hunturun ƙasar ma daban yake da namu, don kuwa dusar ƙanƙara ce ke rufe ƙasa wata da watanni.

2.0 Yadda Hunturu Ke Kisa

Barewa tana shiga hunturu da guzuri iri biyu, wato kitsen da ta tara da kaka, da kuma tsirran da suka rage a gangaren da take sauka ta fake. Idan dusar ƙanƙara ta yi zurfi, tafiya kanta kan cinye ƙarfin dabba fiye da abin da za ta samu a wurin kiwo. 'Yan ƙanana su ke fara mutuwa, saboda kitsensu kaɗan ne, ƙafafunsu kuma gajeru. Sai tsofaffi, sai mazan da suka ƙarar da kitsensu a lokacin barbara. Macen da ta tsira da ciki kuwa takan haifi ɗa mara ƙarfi. Ashe ke nan tsawon hunturu da yawan guzuri su ne ma'aunin rayuwar garke.

3.0 Haramta Farauta a Kaibab

Tudun Kaibab yana arewacin jihar Arizona, a gefen babban kwazazzabon nan na Kogin Kolorado. A shekarar 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya mai da yankin gandun daji, aka haramta farautar barewa, a lokacin da ake ƙiyasta yawanta da kimanin 4,000. Daga nan ma'aikatan gwamnati suka shiga kashe maƙiyanta: ɗaruruwan zakunan dutse, da dubban dilolin ƙasar, da 'yan kyarketan da suka rage. Garke ya yi ta hayayyafa babu mai rage shi. Kafin shekarar 1920 masu kula da dajin sun fara kukan cewa barewa na cinye ƙananan itatuwa, har iyakar inda bakinta zai kai. Wani ƙiyasi ya ce a 1924 yawanta ya kai 100,000, wasu kuma suka tsaya a wajen 30,000.

Da abin ya ta'azzara, sai aka nemi mafita. A watan Disamba na 1924 wani mutum mai suna George McCormick ya tara mahaya dawaki da 'yan ƙabilar Nabaho, da nufin su kora dubban barewa su tsallaka kwazazzabon zuwa kudu. Guguwar ƙanƙara ta taso musu, dabbobin suka watse ta bayansu, ko ɗaya ba ta tsallaka ba. A hunturun wannan shekara da na wadda ta biyo baya yunwa ta yi wa garken mummunar ɓarna, har masanin nan D. I. Rasmussen ya ƙiyasta cewa kashi 60 cikin ɗari sun mutu. Ya zuwa 1939 abin da ya rage bai wuce kimanin 10,000 ba.

Farautar da aka hana tun 1906 ita aka koma nema a matsayin magani, amma sai gardama ta kaure tsakanin gwamnatin tarayya da ta Arizona a kan wanda ke da ikon ba da izinin kisa. Sai a 1928 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci cewa tarayya na da ikon rage barewa don kare dajinta. Kafin nan dubban dabbobin da da sun zama nama a gidajen mutane sun riga sun zama mushe.

4.0 Saɓanin Masana

Aldo Leopold ya yayata wannan labari a 1943 a matsayin hujjar cewa kawar da maƙiyan barewa shi ke sa ta yi yawan da zai hallaka ta. A 1970 Graeme Caughley ya soki wannan bayani, ya nuna cewa alƙaluman ƙiyasi ne kawai na mutane daban-daban, kuma rage tumaki da shanun da ke kiwo a tudun na iya zama dalilin ƙaruwar. Wani bincike na 2006 da Dan Binkley da abokansa suka yi a kan shekarun itatuwan tudun ya gano ƙarancin waɗanda suka tsiro a shekarun 1920, abin da ya ƙarfafa zancen cewa barewa ta yi yawa ƙwarai a lokacin.

Akwai wani misali da ya fi wannan tsabtar lissafi, domin babu mafarauci ko maƙiyi a cikinsa. A 1944 aka saki barewar ƙanƙara guda 29 a tsibirin St. Matthew da ke Tekun Bering, kusa da Alaska. David Klein ya ƙirga 1,350 a 1957, sannan 6,000 a 1963, lokacin da suka riga suka cinye gansakukar da suke dogaro da ita. Hunturun 1963 zuwa 1964 ya zo da tsananin da ba a saba gani ba. A 1966 guda 42 kaɗai aka tarar.

5.0 Kammalawa

Misalan biyu sun haɗu a kan abu guda: hunturu ya fi yin ɓarna a garken da ya riga ya cinye makiyayarsa. Ga mafarauci kuwa, asarar ba ta ƙarewa da narkewar ƙanƙara. Tun da 'yan ƙanana ke fara tafiya, namijin da zai isa harbi bayan shekara uku ko huɗu shi ne ya mutu, saboda haka giɓin kan daɗe ana jin sa. Wannan ne ya sa hukumomin namun daji ke daidaita izinin farauta da yanayin hunturu, kamar yadda jihar Wyoming ta rage lasisi a 2023 bayan hunturun da ya kashe mata barewa masu ɗimbin yawa. Rage garke tun yana da ƙoshi, da sassauta masa bayan ya sha wuya, su ne darasin da Kaibab ta bari.