Yaron da ya koyi fiyano a ƙauye ya ci gasar Warsaw

Yau tarihinmu zai kai mu ƙasar Foland. A 1927 wani malamin kiɗa, Jerzy Żurawlew, ya kafa gasar fiyano a birnin Warsaw don tunawa da Chopin, babban makaɗin ƙasar. Fiyanon nan na katako ne, mai tsirkiyoyi a ciki da maɓallai 88, ba irin na lantarki da ake kai wa gidan biki ba. Tun 1955 galibi ana yin gasar duk bayan shekara biyar, kuma kiɗan Chopin kaɗai ake kaɗawa, zagaye bayan zagaye, har a tace zakara.

Wanda ya ci, kakarsa ta yanke saƙa. Manyan zauruka za su gayyace shi, kamfanonin faifai su yi rububinsa. Haka Maurizio Pollini na Italiya ya fito a 1960 yana ɗan shekara 18, Martha Argerich ta Ajantina ta biyo baya a 1965.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Dang Thai Son. An haife shi a Hanoi a 1958, mahaifiyarsa malamar fiyano ce. Da jiragen Amurka suka tsananta ruwan bama-bamai a Biyetnam, sai aka kwashe makarantar kiɗa zuwa ƙauye, aka yi jigilar fiyanonin a amalanke. Damshi ya lalata su, ga ɗalibai da yawa, kowa sai ya jira layi kafin ya sami 'yan mintoci. A haka yaron ya koya. Wani makaɗin Rasha da ya ziyarci ƙasar a 1974 ya ji hannunsa, aka buɗe masa hanyar karatu a Masko.

A 1980 ya shiga gasar Warsaw, ba wanda ya san shi. Hankalin kowa na kan wani ɗan takara, Ivo Pogorelich, wanda fitar da shi daga gasar ya fusata Argerich har ta ajiye kujerar alƙalanci. Ana cikin wannan ƙura Dang ya zo na ɗaya, ya zama ɗan Asiya na farko da ya ci gasar. Daga baya ya koma Kanada yana koyarwa, kuma ɗalibinsa Bruce Liu ne ya ci gasar ta 2021.

Mu dawo gida. A ƙasar Gumel, daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, yaro yakan gaji kiɗa ne, ko ya yi shekaru yana amshi a bayan maigidansa kafin a ji muryarsa. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma wanda ba ɗan gado ba, ina zai nuna hannunsa? Kasuwar Maigatari tana tara mutanen Najeriya da Nijar duk Alhamis, ga masu kukuma da garaya da kalangu a ɓangarorin iyakar biyu. Da masarauta da 'yan kasuwa za su kafa gasa mai alƙalai masana, da kyauta, da alkawarin ɗaukar kiɗan zakara a faifai, da yaran da ke ɓoye sun fito. Wane makaɗi kuka sani a garinku da ya cancanci irin wannan dama?