Jerin sunaye: daga haraji zuwa tallafi a Kankia da Kusada

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, a yi haƙuri. Tambaya ɗaya ta sa na rubuta shi: me ya sa gwamnati ba ta taɓa ɓatan hanyar gidan talaka ba lokacin da take karɓa, amma yanzu da za ta bayar sai a ce ba a same shi a jeri ba? Mu je zuwa.

2/ Turawa sun ci Katsina a 1903. A 1906 suka naɗa Sarki Muhammadu Dikko, kuma a zamaninsa aka kafa baitulmalin En'e. Abin da ke cika baitulmalin nan shi ne haraji na kan mutum da jangali na kan saniya. Ƙasar Kankia da Kusada duk tana cikin wannan lissafi.

3/ Tsarin ba wuya. Mai unguwa ya san kowane baligi namiji a unguwarsa. Ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai birni. Ba kwamfuta, ba waya, ba NIN. Amma daga Rimaye har Yashe, da wuya namiji mai ƙarfi ya kuɓuce wa littafin nan.

4/ Kakana ya sha ba mu labari. Ya ce wanda ya kasa biya a ƙofar fada ake shanya shi a rana, yara na kallo. Wani ya sayar da akuyar matarsa, wani ya gudu cin rani ba don yana so ba. Shi kansa har ya rasu takardun harajinsa na cikin wata tsohuwar adaka, a ɗaure da zare.

5/ Ku lura da lokacin da ake karɓa: da kaka. Kowa na neman kuɗi a lokaci guda, kowa ya fito da hatsi ko gyaɗa, farashi ya faɗi. Damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, mutum ya koma sayen hatsin nan da tsada, ko ya ci bashin dami ya biya ninki.

6/ Shi ya sa fari ɗaya ke isa ya durƙusar da gida. Yunwar 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, ta faɗa wa mutanen da aka riga aka tatse. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita, ya yi bayanin wannan a littafinsa Silent Violence na 1983.

7/ Wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa a 1967. Abin da ta gano ya dace da ƙauyukanmu: talaucin wani manomin kan kai inda ba ya iya noma gonarsa. Da damina yana ƙodago a gonar wani don abincin yau, tasa gonar ciyawa na cinye ta. Baɗi ya fi bana talauci.

8/ Kada a ce babu abin da ke tallafar mutane a da. Akwai zakkar hatsi, gayya, adashi, biki tsakanin mata, da ubangidan da ke ba bara dami. Amma duk suna tafiya ne da sanayya. Wanda ba shi da dangi ko ubangida, ko baƙo ne a gari, nan ma yana gefe.

9/ Wannan ƙuncin ne ya ba NEPU ƙarfi bayan kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Su Malam Aminu Kano suka mayar da kalmar "talaka" ta zama maganar siyasa. Soke haraji da jangali na cikin manyan abubuwan da suka yi ta nema.

10/ Sai a 1979 abin ya tabbata. Balarabe Musa na PRP ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, ya soke haraji da jangali, Abubakar Rimi ma ya yi haka a Kano. A tuna fa, lokacin Kankia da Kusada a Jihar Kaduna suke. Sai a Satumbar 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina.

11/ A ganina wannan na cikin matakan da suka fi taɓa talaka kai tsaye. Dalili? Bai buƙaci fom ko ɗan siyasa ba. An daina karɓa, shi ke nan, kowa ya amfana rana ɗaya. Balarabe dai majalisa ta tsige shi a Yunin 1981.

12/ Ga kuma shirye-shiryen bayarwa. OFN a 1976, Green Revolution a 1980, DFRRI a 1986, Better Life a 1987, Bankin Al'umma a 1989, NAPEP a 2001, SURE-P a 2012, N-Power a 2016, TraderMoni a 2018. Kowace gwamnati da sunan da ta raɗa wa nata.

13/ Duk da haka, rahoton hukumar ƙididdiga NBS na 2022 ya ce 'yan Najeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, na cikin talauci ta fuskoki da yawa: abinci, lafiya, ilimi, muhalli. Kuma mafi yawansu a Arewa suke.

14/ Ga inda gizo ke saƙar. Littafin haraji masu ƙarfi yake ƙirgawa, maza baligai. Mata, tsofaffi tukuf, makafi da kutare ba sa ciki. To su ne kuma jerin tallafi ya fi buƙata. Wato mun gaji ƙwarewar nemo wanda zai biya, ba mu gaji ta nemo wanda ya kasa ba.

15/ An yi ƙoƙarin gyara. Zamanin Buhari aka buɗe rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, inda jama'ar gari ke zama su faɗi su wane ne talakawansu. A lokacin ana ba gida naira 5,000 a wata, har da kuɗin Abacha dala miliyan 322 da aka dawo da su daga Suwizalan.

16/ Amma a Yulin 2023 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta ce ba ta amince da sahihancin rajistar ba. Sabon tallafin naira 25,000 kuma aka ɗaura shi da NIN da asusun banki, don a toshe sunayen bogi. Niyyar mai kyau ce.

17/ Sai dai akwai wata gwaggo a unguwarmu, mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki huɗu. Ba waya, ba asusu, ba NIN. Zuwa wurin rajista kuɗin mota ne da yinin sana'arta. Duk unguwa an san ta fi kowa buƙata. Mai unguwa ya sani. Jerin ne kawai bai sani ba.

18/ Ban ce a koma zamanin En'e ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake, idan an iya bin gida-gida da alƙalami don karɓar sule, ana iya bin gida-gida da na'urar NIN har Kafin Soli da Mawashi. A kuma karanta jerin a bainar jama'a, kowa ya ji sunan da ya shiga da wanda aka tsallake.

19/ Mu matasa masu waya kuma da namu. Kafin a fara rabo na gaba, ka duba unguwarku. Wace tsohuwa ce ba ta da NIN? Ka ɗauke ta a babur ka kai ta. Ni na ɗauki alƙawarin gwaggon nan a wannan hutun, in sha Allahu.

20/ 'Yan Kankia, Kusada da Ingawa, ku tambayi tsofaffin gidanku labarin haraji tun suna raye, ku ajiye mana a ƙasa. Wanda ya ga kuskure ya gyara min, ɗalibi ne ni. Allah ya sa mu dace.