Bambancin ra'ayin siyasa tsakanin manya da matasa a Nijar

Idan masana zamantakewa suka yi maganar bambancin tsara, suna nufin yadda mutanen da suka tashi a zamani ɗaya kan yi tarayya wajen kallon mulki, tattalin arziki da zaman jama'a, kuma su saɓa wa na gabansu. Abin da mutum ya gani da idonsa yana saurayi ne ke kafa masa ra'ayi, fiye da yawan shekarunsa. Jamhuriyar Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, misali ce mai kyau.

Dattawan da suka yi ƙuruciya a zamanin Diori Hamani da Janar Seyni Kountché (1974 zuwa 1987) sun san gwamnati a matsayin uwa: ita ke raba cimaka lokacin fari, ita ke ɗaukar mai takarda aiki, musamman da kuɗin uranium suka shigo. Matasa kuwa hukuma ce ke tsara su a ƙarƙashin Samariya.

Na bayansu sun tarar da baitulmali ya bushe, ga sharuɗɗan masu ba da bashi na rage kashe kuɗi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai a gadar Kennedy da ke Yamai, aka kashe uku. Wannan ya share hanyar babban taron ƙasa na 1991 da mulkin jam'iyyu barkatai. A wurin 'yan wannan tsara, zaɓe abu ne da aka saya da jini. Daga cikinsu Mohamed Bazoum ya fito, malamin makaranta ɗan ƙungiyar ƙwadago.

To, ga inda zancen ya juya. Yaran da aka haifa bayan karyewar darajar kuɗin sefa a 1994 ba su san wani abu ba sai mulkin zaɓe da juyin mulkin da ke katse shi. Abin da suka gani shi ne aikin kwantiragi, zaman fada ana shan shayi, da matsalar tsaro a Diffa da Tillabéri duk da sojojin ƙetare. Da sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, dubban matasa suka cika filin wasa na Seyni Kountché suna goyon baya, suna neman Faransa ta kwashe sojojinta. A Disamban shekarar suka gama ficewa. Kalmar da ke bakin iyayensu ita ce dimokuraɗiyya. Tasu kalmar ita ce 'yancin kai.

Sai dai kada a ɗauka duk matasa bakinsu ɗaya. Muryar da ake ji a Facebook da WhatsApp galibi ta birni ce, alhali mafi yawan 'yan Nijar a karkara suke, inda damina, farashin hatsi da tafiya cirani suka fi damun saurayi da mahaifinsa baki ɗaya.