Ciwon Ƙafar da Aka Riga Aka Yanke: Yadda Mofin Ya Shigo Cikin Maganinsa

Tun a ƙarni na 16 likitan sojan Faransa Ambroise Paré ya lura cewa sojojin da ya yanke wa ƙafa suna kukan ciwo a ƙafar da babu ita. Amma wanda ya bi lamarin filla-filla shi ne Dokta Silas Weir Mitchell, da ya yi jinyar sojojin yaƙin basasar Amurka a asibitin Turner's Lane da ke Filadelfiya, ya kuma yi rubutu a kai a 1871. Mai irin wannan ciwo zai ce maka yatsunsa sun dunƙule, farce na soke masa tafi, alhali hannun ya daɗe da rabuwa da shi.

Likitocin wancan zamani suna da sabon makami. A farkon ƙarni na 19 Friedrich Sertürner na Jamus ya tace mofin daga ofiyam, a 1853 kuma Alexander Wood ya soma shigar da shi jiki ta allura. Da haka sojan da zogi ya hana barci ya samu ya runtsa.

Daga baya dangin mofin suka yawaita. Kamfanin Grünenthal ya fito da tramadol a 1977, OxyContin ya shiga kasuwar Amurka a 1996, aka riƙa rubuta wa masu ciwo mai daɗewa irin waɗannan ƙwayoyi ba ƙaƙƙautawa. Jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, jaraba ta kama mutane, dubbai suka mutu saboda maganin yana danne numfashi. A 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta shawarci likitoci su daina farawa da su a ciwo mai daɗewa.

A shekarun 1990 masanin ƙwaƙwalwa V. S. Ramachandran ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ba ta share hoton gaɓar da aka cire. Ya sa mai jinya ya kalli lafiyayyen hannunsa a madubi yana motsa shi, wasu suka ji dunƙulen ya saki. Yau ana haɗa wannan da magungunan jijiya irin gabapentin, a ajiye mofin sai ciwo ya gagara.

A Arewa, inda haɗarin mota da ciwon sukari ke raba mutane da ƙafafunsu, tramol (wato tramadol) kuma ya zama annoba, darasin a fili yake. A yarda da mai jinya cewa ciwonsa gaskiya ne, a kai shi wurin likita, kada a bar shi da mai kemis.