Tsofaffin fina-finan Hausa

Tsofaffin fina-finan Hausa suna ne da masu kallo da 'yan kasuwa ke kiran fina-finan da aka shirya da harshen Hausa kafin harkar ta koma intanet, wato daga na majigi zuwa na kaset da na faifan CD. Yawancinsu ba a sinima jama'a suka gan su ba. A ɗaki aka kalle su, ko a gidan kallo na unguwa, don haka tarihinsu ya ɗauru da tarihin na'urar da aka naɗe su a kanta. Duk lokacin da aka daina yayin wata na'ura, wasu fina-finan kan ɓace tare da ita.

Zamanin majigi

Kafin zuwan bidiyo, gwamnati ce ko masu jari mai kauri ke iya ɗaukar fim, saboda tsadar zaren fim da kuɗin wanke shi. Mafi shahara a wannan rukuni shi ne Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni. An ɗauko labarin daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina kuma Firayim Ministan Najeriya na farko. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu, malamin da ke ba almajiransa labarin yadda aka sace shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi, da yadda mahaifiyarsa ta bi sawunsa. Bayansa an yi wasu kamar Ƙasarmu Ce na Sadiq Ɓalewa da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu, dukansu a farkon shekarun 1990.

Zamanin kaset

Ana ɗaukar Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Salisu Galadanci ne daraktansa, Ibrahim Mandawari kuma yana cikin 'yan wasan. Daga nan marubuta littattafan soyayya suka shigo: an mayar da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino fim, haka ma Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Sangaya (1999) da Wasila (2000), waɗanda Ali Nuhu ya fito a cikinsu, su suka tabbatar da salon rawa da waƙa irin na Indiya, kuma har yau su ne kan fara zuwa bakin mutum in an ce "fim ɗin da".

Yadda ake sayar da fim a lokacin yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Furodusa kan buga kwalin fim ɗinsa, ya kai wa dillalan Ƙofar Wambai da na Bata a Kano tare da uwar kaset. Dillalan su ke naɗa a kan kaset ɗin da suka saya, ribar mai fim kuwa tana fitowa ne daga yawan kwalin da aka sayar. Daga Kano 'yan sari ke ɗaukar kaya zuwa Katsina da Funtuwa da Maraɗi, daga nan kuma su gangara ƙananan garuruwa. A wurare irin su Dutsin-Ma da Kurfi, mai bidiyo a gida kan karɓi hayar kaset a shago ya mayar washegari, wanda ba shi da ita kuma ya biya kuɗin shiga gidan kallo mai janareta. Matan aure da ke cikin kulle, waɗanda ba sa zuwa sinima, sun zama babban ɓangare na masu kallo.

Labaran sababbin fitowa kuwa a mujallu ake samunsu. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa a 1999, kuma a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji aka fara amfani da sunan Kannywood. Tsofaffin kofen waɗannan mujallu yanzu su ne madogarar masu bincike wajen gano shekarar fitowar fim da sunayen waɗanda suka yi aikinsa.

Daga CD zuwa waya

A cikin shekarun 2000 faifan CD ya ture kaset. Ya fi arha, amma ya fi sauƙin kwafa, sai satar fasaha ta yi yawa. Da wayoyi masu ɗaukar bidiyo suka yaɗu, masu tura fim a memori suka gaje kasuwar, shagunan haya kuma suka rufe ko suka sauya sana'a. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da manhajar Northflix da YouTube sun karkata masana'antar zuwa shirye-shirye masu dogon zango.

Adanawa da sake fitarwa

Kaset ba ya jure zafi da ƙura da laima. Zarensa kan manne ko ya yi fumfuna, hoton ya dusashe, kuma injin kunna shi ya yi wuyar samu. Tun da uwar kaset a hannun furodusa ko dillali take zama, ba a wata ma'ajiya ta hukuma ba, makomar fim ta dogara ne da kulawar mutum ɗaya. Da yawa daga tsofaffin fina-finan da ake gani a YouTube an kwafo su ne daga kaset ɗin haya ko faifan da ya sha hannu, shi ya sa sautin ke rawa, wani lokaci ma a rasa kashi na biyu. Akwai kuma rikicin haƙƙin mallaka, domin sau da yawa wanda ya ɗora fim ɗin ba shi ne mai shi ba.

Shaihu Umar ne ya fi samun gata. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano zarensa na asali a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, mai hedikwata a Jos. Didi Cheeka na ƙungiyar Lagos Film Society yana cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin, cibiyar Arsenal ta birnin Berlin a Jamus kuma ta gyara hoton da sautin ta mayar da shi na dijital. An nuna gyararren fim ɗin, mai tsawon sa'a biyu da minti 22, a bikin fina-finai na Berlin a watan Fabrairun 2018. Irin wannan gyara ya fi yiwuwa ga fim ɗin majigi, saboda zarensa na riƙe hoto mai kaifi. Fim ɗin da aka ɗauka da kyamarar VHS kuwa ba zai wuce ingancin da aka naɗe shi da shi ba, abin da ake iya yi masa kawai shi ne a kwafe shi zuwa kwamfuta tun zaren bai lalace ba.