Yadda aka koya wa kyamara auna haske

Duk mai ɗaukar hoto da tsakar rana a filin baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna, can Rigachikun kan hanyar Zariya, ya san wannan matsala. Ga mutum cikin farar shadda, rana ta take. Ko dai rigar ta fito fari fat, aikin wuyanta ya ɓace, ko aikin ya fito raɗau, fuskar mai rigar ta nutse cikin duhu. Waya ake ɗora wa laifi. A ganina tsohuwar rigima ce tsakanin haske da lokaci, wadda aka yi kusan shekara 200 ana sasantawa. Abubuwa ukun da mai hoto ke juyawa, wato faɗin kafar da haske ke shiga, daɗewar ƙyauren kyamara a buɗe, da kaifin abin da ke karɓar hasken, kowannensu ya samu ne saboda wata tangarɗa da magabata suka ci karo da ita.

Kafar ce ta fara zuwa. Tun ƙarni na 11 Ibn al-Haisam ya yi bayani a Alƙahira kan yadda haske ke ratsa ƴar huda ya zana abin da ke waje a cikin ɗaki mai duhu. Kama zanen ne ya gagara, sai wajen 1826 da Nicéphore Niépce ya ɗauki abin da ke gaban tagarsa a Faransa. Farantinsa ya sha haske aƙalla awa 8, har rana ta haska ginin dama da na hagu a hoto guda. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani babban titi a Paris cikin mintoci, titin ya fito fayau kamar an yi shara. Kekunan doki da masu wucewa duk sun ɓace, domin ba su tsaya ba. Waɗanda suka fito su ne mutumin da ya tsaya ana goge masa takalmi da mai goge masa. Shi ya sa masu hoton farko suke tokare ƙeyar mutum da ƙarfe don kada ya motsa.

Daga nan kowane gyara ya jawo na gaba. Gilashin Joseph Petzval na 1840 ya shigar da haske da yawa, sai John Waterhouse ya fito da fayafayan tagulla masu huda daban-daban a 1858 don a rage shi yadda ake so. Busasshen farantin da Richard Maddox ya gabatar a 1871 ya yi ta ƙara kaifi, har cire murfin gilashi da hannu ya daina isa, dole aka ƙera ƙyaure mai ƙiftawa. Da irinsa Eadweard Muybridge ya kama doki yana sukuwa a 1878, kofatai huɗu duk a sama. Kaifin fim shi ma ya samu ma'auni, na Jamus a 1934, na Amurka a 1943, aka haɗe su suka zama ISO a 1974. Lissafin ninki ne: matsa kafa daga f/8 zuwa f/11 ya rage rabin haske, sassauta ƙyaure daga 1/250 zuwa 1/125 na daƙiƙa ya mayar da shi.

Wani zai ce wannan duk tarihi ne, waya ta hutar da mu. Ta sauƙaƙa aiki, ba musu, amma cinikin yana nan, ita ce dai ke yanke shi a madadinmu. Kafar yawancin wayoyi ba ta canzawa, don haka a wurin biki da dare sai ta jinkirta ƙyaure amarya ta fito dishi-dishi, ko ta ɗaga ISO hoton ya yi yashi-yashi. Ma'aunin haske kuma an gina shi ne ya mayar da komai tsaka-tsaki kamar toka, idan ya ga farar riga sai ya rage haske, baƙar fuska ta biya kuɗin. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin shekaru da yawa katin da Kodak ke bai wa masu wankin hoto su daidaita launi hoton farar mace ne. Mai hoton da ya san tushen abin yakan ja mai shaddar zuwa inuwar darbejiya, ko ya kunna filas da rana tsaka, don tazarar da ke tsakanin hasken riga da na fuska ta ragu zuwa abin da kyamara za ta iya ɗauka lokaci guda.