Ragowar maganin ciwo: a ba kare ko kar a ba shi?

Idan karen gadi ko na kiwo ya fara ɗingishi a Tozai, wasu sai su lalubo ragowar ƙwayoyin gida. Hattara! Ibuprofen da diclofenac suna jawo wa kare gyambon ciki, su taɓa ƙoda. Paracetamol kuwa, in ya yi yawa, hanta yake lalatawa.

Ko meloxicam ɗin da likitan dabbobi ya taɓa rubuta masa, kar a maimaita sai an tambaya, domin awon yana bin nauyin kare. Kar a haɗa shi da dexamethasone. A duba wa'adinsa, ga shi zafi ma yana ɓata magani.

In kare ya sha, aka ga amai, baƙin kashi ko ƙin abinci, a dakatar, a garzaya wurin likitan dabbobi a Illela ko Sakkwato.